Sito ba kaya, wokshof ba wuta, amma sunana za a kira

Firinsifal Mai Ido Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da rubutun tsakar dare, ƙarfe biyu da kwata yanzu, barci ya ƙi zuwa. Shekara ta huɗu ke nan ina riƙe da wata makarantar fasaha ta kwana a nan jihar Kebbi, ba sai na faɗi sunanta ba. Jiya da la'asar na tsaya kemis in sayi maganin ciwon kai, yaron shagon ya ce, Baba bari in gwada jininka tukuna. Ya gwada, ya dube ni, ya sake gwadawa a ɗaya hannun. 175 a kan 105. Ya ce, Baba kai kaɗai ka zo? Na ce ni da mashin ɗina.

Ina kwance ina lissafi. Jarrabawar aikin hannu ta NABTEB, hukumar da ke shirya jarrabawar makarantun fasaha, saura 'yan makonni, takardar kayan da yara za su yi aiki da su ta iso: ƙarfe da sandar walda, katako da ƙusa da gam, waya da soket da makunni, siminti da yashi. Ranar Litinin na shiga sito da kaina. Kwalin sandar walda guda na tarar, shi ma an ci rabinsa, sai katako shida da gara ta fara ɗanɗanawa, da buhun siminti biyu da suka daskare tun daminar bara. Na rubuta wa na sama sau uku, amsa ɗaya ce, fayil yana kan tebur. Malamin lantarki ya yi ritaya, ba a turo wani ba. Ɗan kwangilar abinci ya ce ba a biya shi ba. Idan na ce iyaye su taimaka, takardar tuhuma ce, an ce karatu kyauta ne. Idan sakamako ya fito ba kyau, sunana za a kira a taro.

Ku da ke riƙe da irin waɗannan makarantu, haka kuke ji, ko ni ne raggo?

Malamin Walda, Gusau:
Wa alaikumus salam ranka ya daɗe. Ba ragganci ba ne. Abin da mutane ba su gane ba, darasinmu cin kaya yake yi. Malamin tarihi da alli ɗaya zai kai ƙarshen mako. Ni kuwa yaro sai ya ƙona sanduna masu yawa kafin hannunsa ya daina rawa, kuma kowace sanda da ta ƙone ta tafi ke nan. Zangon da ya wuce a kan allo na koyar da waldar tsaye. Ina ta zane, wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, Malam, idan wutar ta kama daidai yaya ƙararta take? Wallahi da baki na yi masa ƙarar. Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi, amma da na koma gida abincin dare bai shiga ba.

Ɗan Kasuwa, Birnin Kebbi:
Ku dai ma'aikatan gwamnati ba ku rabo da kuka. Wata ya mutu albashi ya shigo, ga gida a cikin makaranta, ga yara suna yi muku shara. Mu da muke buɗe shago ba mu san ko za a yi ciniki ba, wa muka kai wa ƙara? Kuma a faɗi gaskiya, firinsifal nawa muka gani sun gina gida da kuɗin abincin yara? In kujerar da zafi a sauka mana, masu jira suna da yawa.

Mai Sito:
Alhaji, a bi a hankali. Akwai masu ci, ba wanda zai rantse ya ce babu, na zauna da irinsu. Amma mai ci ba ya tashi ƙarfe biyu na dare yana ƙirga katako. Barcinsa yake sha har da minshari.

Ɗan Kasuwa, Birnin Kebbi:
Ko kuma ya tashi yana ƙirga abin da ya samu.

Baba Mai Ritaya, Talata Mafara:
To, yaro man kaza. Bari in shiga wagga magana, don ni na riƙe kujerar nan kafin a haifi wasunku, kuma na bar ta da ƙwayar magani a aljihu wadda har yau nike sha kowace safiya.

Lokacin da anka fara tsarin karatu na 6-3-3-4 (shekara shida firamare, uku ƙaramar sakandare, uku babba, huɗu jami'a) a 1982, mu duka jihar Sakkwato muke, ba Kebbi ba Zamfara, sai 1991 Kebbi ta fita, mu kuma 1996. Anka ce kowane yaro zai koyi aikin hannu tun ƙaramar sakandare. Gwamnatin tarayya ta sayo injuna daga ƙasashen gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangari, anka rarraba ma makarantu cikin manyan akwatunan katako. Ni da idona na ga tirela ta sauke namu. Sai mi? Ba ɗakin da za a kafa su, ba wutar da za ta ɗauke su, ba malamin da ya san kansu. Akwatunan sunka zauna a baranda, rana ta buga, ruwa ya buga, awaki sunka maishe su wurin kwana. Amma kowace shekara sai mai bincike ya zo da takarda ya ƙirga, ni kuma in sa hannu cewa suna nan lafiya. Shekara da shekaru ina sa hannu a kan lafiyar abin da ban taɓa jin kukansa ba.

Wanga shi ne ciwon, ɗana, ba yawan aiki ba. Manomi ya fi mu aiki kuma yana barci. Abin da ka kashe mu shi ne a ɗora maka alhakin abu, a riƙe maka abin yinsa. Kai ad da amsa tambaya, wani ad da kuɗin, wani ad da ɗaukar malamai, wani ad da wuta. Ana cewa babba juji ne. Juji ma in ya cika ana kwashe shi a kai gona, mu ba mai kwashewa.

Firinsifal Mai Ido Biyu:
Baba, Allah ya ƙara girma. Kamar kana cikin ofishina. Injin sassaƙa ƙarfe da muke da shi ya girme ni a aikin gwamnati, kuma wuta mai layi uku yake so. Tiransifomarmu layi ɗaya ya ƙone tun kafin in zo. Janareta na nan, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, kuɗin gudanarwa kuwa yana nan inda yake, in ma ya zo. Sai in zaɓa: in tayar da janareta a yi aikin hannu awa biyu, ko in tayar a ja ruwa yara su yi wanka su yi alwala. Ruwa nake zaɓa, kullum.

Nas, Argungu:
Baba Firinsifal, ka bar maganar siminti tukuna, ni lambobin nan ne suka tsaya mini. Daga 140 a kan 90 ake fara maganar hawan jini, kai kana 175 a kan 105. Gwajin kemis sau ɗaya ba ya yanke hukunci, amma ya isa ya kai ka asibiti gobe da safe, ba jibi ba. Don Allah ka daina haɗiyar magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen barkatai, suna iya ƙara hawan jinin kuma suna taɓa ƙoda. A rage gishiri da dunƙulen miya, a rage goro, a bar lemon gwangwanin nan na ƙarin kuzari. In an ɗora ka a magani ba a dainawa don an ji sauƙi, nan mutanenmu ke faɗuwa. Kuma in ka ji ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko ƙirji ya riƙe, ko hannu ya yi nauyi, ko baki ya karkace, ba a jiran gari ya waye. Masu shanyewar ɓarin jiki da muke karɓa, da yawansu ciwon kai kawai suka ce suna yi kafin ranar.

Malam Mai Nasiha:
Allah ya ba da lafiya. A yawaita istigfari da salati, a miƙa lamari ga Allah. Shugabanci amana ce, kuma Allah ba ya ɗora wa rai abin da ba zai iya ba.

Nas, Argungu:
Amin Malam. A yi addu'a, a kuma je asibiti. Ba sa karo da juna.

Hajiya Shugabar Cibiyar Mata:
Ni tawa cibiyar koyon sana'a ce ta mata a Zamfara, ɗinki da saƙa da haɗa sabulu da man shafawa. Ba mu da jarrabawar NABTEB a kanmu, amma muna da namu. Kekunan ɗinki 30 ne a rubuce, 11 ke aiki. Sauran ba wani babban ciwo gare su ba, wannan bel, wannan ƙoshiya, wannan sai an saita shi. Kuɗin da zai tayar da su duka bai kai na rumfa da kujerun bikin yaye ɗalibai ba. Amma gyara ba shi da hoto. Sabon keke a cikin kwali shi ake ɗauka a hoto, babban mutum ya dafa shi, a tafa. Na taɓa roƙo a ba ni kuɗin mai gyara maimakon sababbi biyar, aka ce Hajiya ba ki son ci gaba.

Sannan ku maza in kun tashi aiki kun tashi. Ni in na koma gida ga tukunya, ga yara, ga uwar miji ba lafiya. Da dare kuma waya: mijin wance ya ce ta daina zuwa, sai na je na ba shi baki. Wance ta sayar da keken da aka ba ta ta biya kuɗin asibitin ɗanta, daga sama an ce in kawo bayani a rubuce. Me zan rubuta? Da ni ce ma abin da zan yi ke nan.

Mai Sito:
Hajiya kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Litattafan sitona cike suke da kayan da aka kawo ba a tambaye mu ba. An taɓa sauke mana kwamfutoci alhali ƙusa muke nema.

Jami'i a Ma'aikata:
Na daɗe ina karantawa ban tanka ba, amma tunda mu ne "na sama" bari in ce wani abu. Ba ina kare kowa ba. Fayil ɗin da ake cewa yana kan tebur, wallahi sau da yawa yana kan tebur ɗin ne da gaske, an sa masa hannu ma. Sa kuɗi a kasafi daban, amincewa daban, sakin kuɗi daban. Mu ma jira muke. Kuna ganin kamar darakta yana da wata durowa cike da kuɗi ya hana, alhali shi ma da aljihunsa yake sayen takardar buga wasiƙa.

Kuma ba daidai ba ne a ce ba a komai. Gwamnatin Zamfara ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Nuwamban 2023, an gyara makarantu, kowa ya gani. A Kebbi gwamnan kansa malami ne, ya shugabanci ƙungiyar malamai ta NUT ta ƙasa. Tarayya kuma a 2025 ta fito da sabon shiri na ilimin fasaha da sana'a, wanda ya ce kashi 80 na karatun ya zama aikin hannu, 20 ya zama na aji. Ga dokar 2022 da ta kai ritayar malamai shekara 65 ta haihuwa ko 40 ta aiki. A riƙa faɗin alheri ma.

Malamin Walda, Gusau:
Yallaɓai, kashi 80 aikin hannu da me? Da bakin da nake yin ƙarar walda? Fenti da sabon rufi mun gani, mun gode, Allah ya saka. Amma gini sau ɗaya ake yi, sanda da katako kullum ake ci. Layin nan na kayan da ke ƙarewa shi ne maraya a kowane kasafi.

Baba Mai Ritaya, Talata Mafara:
Ƙarin shekara biyar alheri na ga wanda jikinai ya kai. Ku tambayi Nas.

Jami'i a Ma'aikata:
Baba ban musa ba. Maganar kayan da ke ƙarewa ma gaskiya ce, mun sha rubutawa. Matsalar ita ce ana lissafa makarantar fasaha kamar sauran sakandare, kai nawa, aji nawa, alhali ɗalibinta ɗaya ya fi na waccan tsada nesa ba kusa ba. Amma ku ma shugabanni akwai naku. Wani sai jarrabawa ta rage mako uku zai aiko da buƙata, ba a fafe gora ranar tafiya. Wani kuma ba a taɓa ganin bayanin yadda ya kashe na baya ba, ta yaya za a sake ba shi?

Firinsifal Mai Ido Biyu:
Wasiƙata ta farko tun zangon farko ta tafi, Yallaɓai. Kwafinta yana nan da hatimin karɓa. Na iya ajiye kwafi, shi ne babban abin da kujerar nan ta koya mini.

Mataimakin Firinsifal, Kudancin Kebbi:
Duk abin da kuka lissafa ina da shi, amma ba shi ke hana ni barci ba. Mu nan kukan mashin da dare shi ne hawan jininmu. Tun da aka sace ɗalibai a Jangebe a watan Fabrairun 2021, sai Birnin Yauri a watan Yunin shekarar, duk mai riƙe da makarantar kwana a yankin nan ya san kwanansa ya canja. Aka ɗan samu sauƙi muka fara sakin jiki, sai ga Maga a watan Nuwamban 2025, inda aka kwashe 'yan mata aka kuma kashe mataimakin shugaban makarantar. Mataimaki, irina. Matata da ta ji labari ba ta ce komai ba, sai ta fara haɗa kayan yara.

Ina kwana da waya biyu a ƙarƙashin filo, layi daban-daban, don in wannan ba sabis wancan ya yi. Maigadinmu dattijo ne, tocila da gora gare shi. Jita-jita kaɗan ta tashi a kasuwa, kafin magariba iyaye ashirin sun kira. In na ce a sallami yara ba da izini ba, na yi laifi. In na riƙe su wani abu ya faru, ba ni da bakin da zan kalli uwar yaro. Ba kwas ɗin da aka taɓa tura ni a kan wannan. Ni aikin gini na karanta.

Hajiya Shugabar Cibiyar Mata:
Innalillahi. Allah ya tsare ku Malam, ya jiƙan wanda ya rasu. Mu da muke sallamar ɗalibai da azahar sai mu gode wa Allah.

Ɗan Kasuwa, Birnin Kebbi:
Wannan kam ba ni da ta cewa, Allah ya kawo ƙarshensa. Amma maganar kaya ina nan a kan bakana. Kuna da kafintoci, kuna da masu walda, kuna da magina, kuna da yara ɗaruruwa masu ƙarfi. Me ya hana ku yi kujeru da ƙofofi da tagogi ku sayar ku sayi kayan aiki? Wani mai shago a bakin titi da injin walda ɗaya yake ciyar da mata biyu. Ku ga wokshof guda kuna jiran fayil.

Baba Mai Ritaya, Talata Mafara:
Alhaji, na gwada, shi ya sa nike dariya. Munka karɓi aikin bencina na wata firamare, yara sunka yi, sunka koyi aiki fiye da abin da sunka koya a shekara guda. Ribar na sayi katako da ita na zuba a sito. Mai bincike ya zo ya ce da izinin wa na karɓi kuɗi, ina rasit na gwamnati, don mi ba a zuba a asusu ba. Na ce in na zuba a asusu yaushe za shi dawo? Ya ce wannan ba tambayarshi ba ce. Wata shida ina amsa takarda, sunana ya zagaya gari cewa na maida ɗiyan mutane leburori. Daga ranan na rufe.

Jami'i a Ma'aikata:
Sashen samar da kaya a makarantun fasaha ba haramun ba ne, an ma so a yi. Sai dai a nemi izini a rubuce, a sa kwamitin makaranta da na iyaye a ciki, a buɗe littafi, kada kuɗi ya bi ta aljihun mutum ɗaya. Ƙa'idar an yi ta ne saboda masu cin da Alhaji ya ambata.

Mai Sito:
Sai ta kama marasa ci, masu ci kuma sun san hanyar zagaye ta.

Injiniyan Sola, tsohon ɗalibi:
Iyayena ku ba ni dama. Ni makarantar fasaha na gama, lantarki na yi, yanzu ina haɗa sola da famfunan ban-ruwa a fadamun Argungu da Suru. Aiki yana nan kamar ƙasa. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi a 2015 noman shinkafa ya bunƙasa, injinan casa suka yawaita, da mai ya yi tsada kuma manoma suka koma famfon sola. Duk waɗannan suna son mai gyara. Amma in faɗi gaskiya, rabin abin da nake ci da shi a wurin wani oga a gari na koya bayan na gama, don a makaranta waya ɗaya muke warwarewa mu sake ɗaurawa har ta gutsuttsure.

Firinsifal ɗinmu na lokacin mun tsane shi. Kullum a fusace, abu kaɗan bulala, malamai ma tsoronsa suke. Sai bayan shekaru malaminmu ya gaya mini cewa wayar da muka yi jarrabawa da ita, ragon layyarsa ya sayar ya saya. Ban san yadda zan haɗa mutanen nan biyu ba, mai bulalar da mai ragon. Ya rasu ban je na gaishe shi ba.

Malamin Walda, Gusau:
Allah ya jiƙansa. Ka kawo maganar da nake ta juyawa in faɗa ko in bari. Ranka ya daɗe Firinsifal, da sauran shugabanni, ku yi mini afuwa: abin da aka sauke muku, mu kuke sauke wa. An ƙi sakin kuɗi a sama, sai a zo taron malamai a yi ta faɗa a kan wanda ya makara minti biyar. Kuma ba ku yarda da kowa ba. Makullin wokshof a aljihun firinsifal, makullin sito a aljihunsa, in ya tafi hedikwata taro ranar ba aikin hannu. Ga mataimaka biyu, ga shugabannin sassa, an mayar da su 'yan kallo. Kaya ya yi wa mutum nauyi ya kuma hana a kama masa.

Shi ya sa masu hannu ke gudu. Duk wanda ya samu hanya sai ya koma kwalejin kimiyya da fasaha, ko ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi ko ta Ƙauran Namoda, ko ya buɗe shagonsa. Ni ma abin da nake samu ranar Asabar da Lahadi a shagon ƙanena ba kaɗan ba ne in aka gwada da albashi. Yaran ne kawai ke riƙe ni.

Firinsifal Mai Ido Biyu:
Malam, ka soke ni inda ya dace, ba zan yi fushi ba. Yanzu na ɗauko su na ƙirga, makulli 23 ne a zobe ɗaya, har aljihun rigunana duk sun huje ta gefe guda, uwargida ta gaji da ɗinkewa. Amma ka ji dalili. A shekarata ta farko injin gurza ƙarfe ya ɓace daga wokshof. Makulli yana hannun mutum uku a lokacin, kowa ya rantse. Daga albashina aka cire. Tun ranar na tattara su. Na san ba daidai ba ne, na kuma san ina yi wa mutane tsawa a kan abin da bai kai ba. Ranar Talata na daka wa kuku tsawa, dattijon da ya haife ni, don miya ta yi ruwa. Da me zai kaɗa ta ta yi kauri? Na je na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma bai ɗago ya dube ni ba.

Hajiya Shugabar Cibiyar Mata:
Ka ba mataimakinka makullin da littafi, duk wanda ya karɓa ya sa hannu ya rubuta lokaci. Ni haka nake yi da almakasai, kuma tun da na fara biyu kacal suka ɓace. Kuma ka gaya wa uwargida lambobin nan na kemis, kada ka ɓoye mata. Na san halinku.

Baba Mai Ritaya, Talata Mafara:
Ta faɗi gaskiya. Kuma ku shugabannin makarantun fasaha ku riƙa zama ku kaɗai kuna rubuta takarda guda da sa hannun kowa. A babban taron firinsifal-firinsifal ku 'yan tsiraru ne, ana ta maganar WAEC da NECO har a tashi ba wanda ya ambaci sandar walda. Mutum guda in ya yi ƙorafi a ce mai taurin kai ne a yi mishi canjin wuri zuwa inda ba sabis. Ba a yi ma mutum goma canji rana guda.

Jami'i a Ma'aikata:
Baba, ana yi.

Baba Mai Ritaya, Talata Mafara:
To Allah shi kyauta. Zamaninmu ba a kai nan ba.

Ɗan Kasuwa, Birnin Kebbi:
Malam Firinsifal, siminti buhu nawa jarrabawar ke ci? Ka turo mini ta akwatin sirri. Bashi ne fa, ba kyauta ba, kuma a rubuce, kada mai bincike ya zo ya ce na ba ka cin hanci. Har yanzu ina nan a kan cewa akwai ɓarayi a cikinku.

Injiniyan Sola, tsohon ɗalibi:
Ni ina da ragowar waya da soket daga wani aiki, zan aiko a mota. In an yarda kuma zan riƙa zuwa ranar Asabar in riƙe 'yan lantarki har a yi jarrabawa, tunda ba malami. Sai dai Yallaɓai na ma'aikata ya faɗa mana ko wannan ma sai da izini.

Jami'i a Ma'aikata:
Sai da izini. A rubuto, ni zan ɗauki fayil ɗin da hannuna.

Nas, Argungu:
Baba Firinsifal, gari ya waye, na ga kana kan layi. Ka tafi?

Firinsifal Mai Ido Biyu:
'Yata, na yi wanka, na gaya wa uwargida, ta yi faɗanta ta gama. Na cire makulli tara na aika wa mataimaki da sabon littafi, sauran sai na dawo. Alhaji, buhu takwas ne, zan turo takarda. Na fito zan hau mashin sai ga kuku a bakin ƙofa, ya ce itace ya ƙare, ko kokon safe ba a ɗora ba. Bari in ga wannan tukuna.

Nas, Argungu:
Mataimakin ba shi da ƙafa ne?